Rasuwar Fatu a Ƙofar Fahas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da ba su saba da shiru ba tukuna, ni Zaharadden Bello, direba, mazaunin unguwar Ammariyya a Jidda, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar tafiyata Fatu, farar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ta cika ranar Litinin da hantsi, tana da shekara ashirin da bakwai, goma sha tara daga ciki a hannuna.

A takarda, sunan kafilina Ammu Tariƙ, ubangidan da nake aiki ƙarƙashinsa, ta ɗauka. Amma ni nake duba mata ruwa kowace safiya, ni na san ba ta tashi sai an taka totur sau biyu. Sannan ta ce "kir-kir-kir, gufff", ta yi tari ɗaya, mu kama hanya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki buhunan shinkafa, ta ɗauki ragunan layya, ta ɗauki firjin da ya fi ƙarfinta ba ta yi ƙorafi ba. Shekarar da aka rushe unguwarmu Karantina, ita ta kwashe layinmu kaf. Gida goma sha ɗaya, kowanne da katifunsa da tukwanensa, kowanne wata unguwa dabam. Ta kai Inna Sadiyya can gabas, ta kai su Kawu Nuraddeen arewacin gari. Kayana ne na ƙarshe, ba su cika rabin bayanta ba. Tun daga lokacin, in zance ya taru mini a baki, ita nake gaya wa a kan hanya.

Ciwon ajali ya fara ne da hayaƙi. Da lokacin fahas ya yi, wato gwajin lafiyar mota na shekara, aka sa mata na'ura a salansa, ta faɗi. Muka koma bayan mako guda, ta sake faɗuwa. In babu fahas ba a sabunta takardun mota, in babu takardu ni ba ni da aiki.

Na kai ta wurin Abdulghani, bakaniken da ya san ta tun tana da ƙarfinta. Ya kwance bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, ya nuna mini. Ya toshe da baƙin dauɗa kamar gindin tukunya.

"Wannan ya gama nasa, ya akhi," in ji shi. "Zan sa mata wani. Amma ka sani, ba bawul kaɗai ne ya tsufa ba."

Kwana uku muna yawo a tashli, inda ake farke matattun motoci, kafin muka samu irin nata. Ya ɗaura. Hayaƙi ya ɗauke, tarin safe ma ya ɗauke, har na riƙa waiwayenta kamar an canza mini mota.

Ranar Litinin ta shiga layi a karo na uku. Ta ci. Ma'aikacin ya manna mata takarda a gilashi, ya ce, "Mabruk, yalla." Na fito da ita daga ƙofar ina shafa sitiyari. Ba mu kai shataletalen farko ba ta ce "tak-tak-tak", ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ta yi shiru. Na taka totur sau biyu. Na sake takawa. Motocin baya suna ta hon, ni kuwa ina zaune.

Abdulghani ya zo ya leƙa, ya ce inji ya buga. Na kira Ammu Tariƙ. Ya saurare ni har ƙarshe, Allah ya saka masa, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan, ya Zaharadden. Ta yi ƙoƙari. A kai ta tashli."

Ta rasu ta bar sabon bawul ɗan kwana huɗu, wanda bai san komai ba. Ta bar tayar safaya ɗaya, da carbin da 'yata Haifa ta rataya a madubi kafin aure ya kai ta Riyad, da wata kyanwa da ke kwana ƙarƙashinta, wadda har yau take zuwa ta zauna a kan tabon mai. Ta kuma bar ni.

Mota mai ɗaukar matattun motoci za ta zo gaban garejin Abdulghani, inda marigayiyar take kwance, ranar Alhamis bayan la'asar. Kujera ɗaya ce kusa da direba, ni zan zauna. Za a karɓi gaisuwa a ɗakina ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Akwai shayi, na kuma aro kujeru shida.

Mai zuwa kada ya nemi farar mota a bakin gida kamar yadda nake kwatance a da. Ƙofar ƙarfe ce shuɗiya, bayan shagon mai burodi. Zan tsaya a gabanta.