Yadda Za Ka Ƙera Ƙaton Mutum-mutumi Kafin Matarka Ta Dawo Daga Wanka

Kai da ka daɗe kana kallon ƙattin mutum-mutumin nan na ƙarfe a katun da wasannin waya, waɗanda jarumi ke shiga ƙirjinsu yana tuƙawa, har kana cewa da ma naka ne, share hawayenka. Duk wanda ya bi matakan nan zai mallaki nasa, ya shiga ciki, unguwa ta fito kallo. Tabbas ne. An gwada su a Gumel a kan Ilu mai adaidaita sahu, kuma yana nan da ransa, sai ɗan tabo a haɓa.

Mataki na 1: Samu gidan da babu mai ce maka kul

Ba a ƙera ƙato matar gida tana kallo. Ilu ya dace, domin matarsa Tayyiba ta yi haihuwar fari, aka tafi da ita wanka gidan iyayenta a Sule Tankarkar.

Sai dai arba'in ta zo ta wuce ba a dawo da ita ba, kuma Ilu ya san dalili. Ranar suna, liman na tsakiyar addu'a, wayarsa ta saki rugugin ƙattin ƙarfe suna dambe daga cikin aljihu, don ya manta bai kashe wasan ba. Surukinsa Malam Sajo, dattijon makiyayi mai tsananin kunya da kawaici, ya bari aka watse. Daga baya ya aiko cewa shi da kansa zai kawo Tayyiba da jaririya ranar kasuwa. In ya tarar da magidanci, ya bar su. In ya tarar da yaro, motar da ta kawo su ita za ta mayar da su.

Ilu yana kewar matarsa sosai, kullum kuma sai ya kalli hoton 'yarsa Ummi. Mai hankali zai share gida ya zauna jira. Kai ba wannan ya kawo ka ba, ci gaba da karatu.

Mataki na 2: Zaɓi fasalinka, ka kare shi a majalisa

Ƙattin nan iri-iri ne, kuma ba a zaɓe a ɓoye. Je wurin mai shayi ka faɗi naka, a yi ta musu har ruwan zafi ya ƙare.

Akwai wanda mota ce, ta miƙe ta zama mutum. Ilu ya so shi, sai ya tuna da adaidaitarsa yake cin abinci, in ta miƙe ta ƙi komawa ya shiga uku.

Akwai wanda ƙanana biyar ke haɗuwa su zama ƙato ɗaya. Manta da shi. An taɓa gwada rabon a majalisar, kowa ya ce shi ne kai, aka rasa wanda zai yarda ya zama ƙafar hagu, har mutum biyu suka daina gaisawa.

Akwai mai ƙafar jimina, gwiwarsa na lanƙwashewa ta baya, da bindiga a kafaɗa. Wannan shi ne na Zayyad mai walda, aminin Ilu, wanda yake rantsuwa babu kamarsa wurin gudu da kauce wa hari.

Sannan akwai sarkinsu a wurin Ilu: mai faffaɗar kafaɗa, ɗan ƙaramin kai, ƙaho biyu, takobi a hannu, ƙafafu miƙaƙƙu sambal. Ba ya gudu, ba ya kaucewa, takowa kawai yake yi ƙasa na girgiza. In Ilu na kwatanta shi har miƙewa yake yi yana takun, shayi na zuba a rigarsa bai sani ba.

Mataki na 3: Tara kaya, ka fara da na ɗakin matarka

Masana sun ce kayan da ba a amfani da su ɓata wuri suke yi. Gangar ƙarfe ta zama ƙirji, aka huda mata 'yar taga don Ilu ya riƙa gani. Bahon wanki biyu na Tayyiba suka zama kafaɗu. Samirar da ta fi ji da ita a cikin jerenta ta zama kai, aka liƙa mata fitilun adaidaita suka zama idanu. Ƙaho daga mahauta, takobi daga fiffiken fanka, hannaye daga bututun ruwa.

Don tsawo kuwa, aka kife turmi biyu aka ɗaura musu maɗauri, Ilu ya riƙa hawa kamar takalmi. Ɗaya na Tayyiba ne, ɗaya aka aro a maƙwabta da sunan za a yi dakan fura.

Mataki na 4: Kada ka yarda a sa masa gwiwa

Nan ne ake gane mai aƙida. Da aka zo naɗe kwanon rufi don yin ƙafafu, Zayyad ya ce a yanka shi biyu a sa mahaɗa a tsakiya, yadda ƙafar za ta riƙa lanƙwashewa. Ilu ya gane wayon nan take: so ake a shigo masa da jimina ta bayan gida.

Ya ce wa Zayyad, “Ƙato ba ya durƙusawa. Naɗe min shi daga cinya har ƙasa.”

Zayyad ya naɗe, yana aiki yana girgiza kai. Kai ma in naka mai waldar ya girgiza kai, ka sani hassada ce.

Mataki na 5: Yi gwajin ranar da ake jiran baƙi

Za ka ce me ya sa ba wata rana ba? Saboda gobe matar gida ta dawo, baho ya koma wanki, samira ta koma jere. Ilu ya yi lissafi irin na masu ilimi: dattijo zai fara shiga kara, kasuwar dabbobi, ya sayar da bijiminsa, ya yi ciniki, ya yi salla, ba zai iso ba sai yamma. Kafin nan an zaga unguwa, an kwance ƙato, an goge komai an mayar.

Abin da lissafin bai hango ba shi ne Malam Sajo ba ya shiga kasuwa da mai jego da jaririya.

Mataki na 6: Shiga, ka taka

Da hantsi aka haɗa ƙaton a ƙofar gida, Ilu ya hau turame, Zayyad ya rufe gangar ta baya ya murɗe da waya. Aka kunna idanu.

Jama'a, ranar Gumel ta ga abu. Ƙahon ya zarce katanga. Awaki suka tsinke igiya, mai tallan awara ta ajiye faranti ta bi kallo, 'yan acaba suka yi layi suna ɗaukar bidiyo. Ilu ya ɗaga takobi, aka sa shewa. Ya taka, turmi ya ce dim, aka sake shewa. A cikin gangar gumi ya jiƙa shi sharkaf, amma daɗi ya cika shi har ya fara yi wa kansa kiɗan yaƙi da baki. Bai taɓa jin farin ciki irin wannan ba tun ranar da aka ce masa Tayyiba ta sauka lafiya.

Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu. Kada ka damu da irin wannan, hannun bututu ba ya shiga aljihu.

Mataki na 7: Idan mota ta tsaya, kada ka firgita

Ta 'yar tagar Ilu ya ga mota ta tsaya. Ya ga malafa, ya ga sanda, ya ga Malam Sajo ya sauko. Bayansa Tayyiba ce da Ummi a kafaɗa. Ta kalli kan ƙaton ta gane samirarta, ta gane bahonta, idonta ya ciko da hawaye, don ta san abin da zai biyo baya.

Shewa ta mutu. Dattijo ya tambayi inda maigidan yake, hannaye suka nuna ganga. Ya juya ya ce wa direba kada ya sauke kaya, kada ma ya kashe mota.

Ka san dai yadda ake gaida suruki a ƙasar nan. Tun daga nesa ake cire takalmi, a tsuguna, kai a ƙasa. Ga Ilu tsaye ƙiƙam a kan surukinsa, da ƙaho, da takobi a sama, idanu na walƙiya. Ya gwada lanƙwasa ƙafa, kwano ya ƙi. Ya kira Zayyad a hankali ya kwance shi, ashe Zayyad ya sulale bayan mai awara. Malam Sajo ya jira gwargwadon yadda mai kawaici ke jira, sannan ya kama ƙofar mota.

A nan Ummi ta juyo ta kalli fitilun, ta yi dariya. Ilu bai taɓa jin dariyarta ba sai ranar, kuma tsoro ya kama shi cewa ba zai sake ji ba.

Mataki na 8: Faɗi

Ƙaton da ba shi da gwiwa hanya ɗaya yake da ita ta zuwa ƙasa. Ilu ya yi bisimilla ya tura kansa gaba gaba ɗaya.

An ji ƙarar har bakin tasha. Baho ɗaya ya gangara kwata, takobi ya lanƙwashe, samira ta mirgina da ƙahonta ta tsaya daidai ƙafar dattijo. Turamen suka fice suka yi gefe, ka ga takalmi ma an cire ke nan. Da ƙura ta lafa, sai aka ji murya daga cikin gangar da ke kife a ƙasa.

“Baba, barka da zuwa. An zo lafiya?”

Malam Sajo ya saki ƙofar motar. Ya amsa gaisuwar tiryan-tiryan, ya tambayi gangar lafiyar gida da aiki da jama'a, ganga tana amsawa lafiya lau. Ya sa sanda ya juya samirar, ya lura cewa ƙaho ɗaya na saniya ne, ɗaya na bijimi. Gemunsa na rawa, ya ja rawani ya rufe baki.

“Na ga masu tsuguna min da yawa,” in ji shi, “amma ban taɓa ganin wanda ya rushe gini don ya gaishe ni ba. Tayyiba, sauke kayanki.”

Da zai wuce kara, ya tsaya daidai inda Zayyad ke ɓuya, ya ce in za su sake, su sa masa gwiwa.

Hattara

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin ƙato da 'yan kallo, kuma ya cika. Ba ruwansa da haɓar da ta fashe, da turmin maƙwabta da ya tsage, da abin da Tayyiba ta faɗa bayan an rufe ƙofa tana riƙe da samira mai huji biyu. Ba ruwansa da Zayyad, wanda yanzu ba a shan shayi lafiya saboda shi, tunda dattijo guda ya goyi bayan jimina a gaban shaidu. In ka bi matakan nan motar ta juya da matarka, kada ka nemo ni. Ni ƙato na koya maka ƙerawa, suruki irin Malam Sajo kuwa ba a haɗa shi a wurin mai walda.