Jakadan Masu Niƙa Zai Miƙa Mulki

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar sasanta al'umma, babban rashin adalci ne a ambaci wani kafin Alhaji Zainul Abidin na bakin tashar Kankia. Shi ne Shugaban Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Injin Niƙa da Markaɗe ta Kankia da Kusada. Kalmar "Haɗaɗɗiya" ma shi ya ƙara ta da kansa, don a ganinsa sunan ya yi gajarta ga mutum irinsa. Alhaji mutum ne mai cika ido da cika kujera. Shagon niƙa, inda kowa ke fitowa fari fat har gashin ido, shi da babbar riga mai aiki yake zuwa, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya harɗe hannu a baya, yana duban injin kamar mai duba faretin soja.

Laƙabin Jakada kuwa ba a banza ya same shi ba. Wata shekara ya tafi Maraɗi sayen bel ɗin inji, sai a hanyar dawowa fasinja biyu suka kaure da rigima a mota, ɗaya na son a buɗe taga, ɗaya na son a rufe. Alhaji ya yi gyaran murya ya yanke hukuncin a buɗe rabi. Nan take mutanen biyu suka bar faɗa da juna suka haɗu a kansa, suka yi ta zaginsa har Jibiya. Ya dawo gida ya ba da labari cewa ya haɗa kan ɓangarori biyu masu gaba a wata ƙasar waje. Kuma ai bai yi ƙarya ba. Tun daga ranar rediyo bai sake barin kunnensa ba, ya kwashe kalmomin manya kaf: teburin shawara, tsagaita wuta, gwamnatin riƙon ƙwarya, taswirar zaman lafiya. Ko mai shayi ya cika masa sukari, sai ya ce zai duba matakin da ya dace a ɗauka.

Lokacin da aka kafa ƙungiyar, an yi alkawari a gaban dattawa cewa shugabanci karɓa-karɓa ne, Kankia ta yi shekara uku, Kusada ta yi uku. Kankia ta fara, wato Alhaji ya fara. Yaran da aka raɗa wa suna a shekararsa ta farko yanzu su ne ke tayar da inji a shagunan iyayensu, amma ukun Alhaji ba ta cika ba. Duk sanda aka taɓo zancen, sai ya girgiza kai cikin tausayi ya ce yanayin da yankin ke ciki bai ba da dama ba tukuna.

To, bana yanayin ya ƙi jira. Man dizal ya yi tsada, injuna a ƙauyuka suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Matan ƙauyen Fakuwa suka koma turmi da dutsen niƙa, hannuwansu suka yi kanta. 'Yan ƙungiya suka ce suna son shugaban da zai haɗa su su riƙa sayo mai da kayan gyara a dunƙule, ko sa samu sauƙi kafin damina ta kankama. Mutanen Kusada suka tsayar da Mamuda, wani mai inji biyu da ba ya son doguwar magana, aka turo dattawa su tuna wa Alhaji alkawari.

Abin mamaki, Jakada bai musa ba. Ya miƙe tsaye a zaurensa, ya gyara hannun riga, ya ce:

"Jama'a, tarihi zai shaida cewa ni, Zainul Abidin, ban taɓa ƙanƙame mulki ba. Zan miƙa shi. Amma mulki ba tiyar gero ba ne da za a miƙa ta kan katanga. Akwai matakai. Akwai sharuɗɗa. Akwai idon duniya a kanmu."

Dattawan suka waiga su ga idon duniya, ba su ga kowa ba sai wata akuya da ke leƙen zaure.

Washegari aka kafa Kwamitin Miƙa Mulki, Alhaji ne shugabansa. Aka kafa wani kwamitin da zai sa wa na farko ido, shi ma Alhaji ya daure ya karɓi nauyinsa. Sai aka zo batun mai shiga tsakani, wanda dole ya zama mutum mai gogewa a harkar ƙasa da ƙasa, wanda ba ya goyon bayan kowa. An duba Kankia, an duba Kusada, wato Alhaji ya duba, bai samu kowa ba sai mutum ɗaya.

Don kada a samu ruɗani, ya tanadi hula biyu. Zanna bukar ta Shugaba ce, jar dara ta mai shiga tsakani. Da safe sai ya sa jar dara, ya hau bayan ɗan acaba, ya tafi Kusada jin ta bakin ɗaya ɓangaren. Mamuda na cikin ƙarar inji, ya ɗaga murya ya ce, "Ranka shi daɗe, mu dai a ba mu mu kama aiki." Mai shiga tsakani ya gyaɗa kai da nauyi, ya ce zai isar da saƙo. Ya dawo Kankia, ya shiga zaure, ya isar da saƙon ga bango, ya cire dara ya sa zanna bukar, ya saurari abin da aka ce, ransa ya ɓaci, ya yi fatali da shi. Maƙwabta sun shaida cewa akwai ranar da tattaunawa ta yi zafi har Shugaba ya fice daga taron a fusace, ya tsaya a ƙofar gida yana huci, sai da mai shiga tsakani ya fito ya ba shi haƙuri ya koma ciki.

Daga ƙarshe aka fitar da sharuɗɗan Shugaba. Bayan ya sauka za a riƙa kiransa Uban Ƙungiya na Dindindin. Duk shagon da ya gifta, a kashe inji har sai ya wuce. Hotonsa zai zauna a bangon kowane shago, sama da inda ƙurar gari ke kaiwa. Mai shiga tsakani ya kai wa Mamuda wannan jawabi yana shirin a yi wata guda ana ja-in-ja.

Mamuda ya share fuska da gefen riga ya ce, "An yarda."

"Da wanne daga ciki?"

"Duka. Mi ya rage?"

Alhaji ya dawo gida jikinsa a sanyaye. A duk shekarun da ya yi yana sauraron rediyo, bai taɓa jin inda aka yarda da komai a zama ɗaya ba. Wannan ba yarda ba ce, tarko ne. Ya tara 'yan ƙungiya na Kankia ya yi musu bayani:

"Ɓangaren Kusada ya nuna rashin mutunta teburin shawara ta hanyar amincewa da gaggawa. Saboda haka, daga yau na ƙaƙaba musu takunkumi. Kada injin Kankia ya sake niƙa tsabar Kusada, ko gero, ko dawa, ko masara, har sai sun dawo sun yi gardama yadda ya kamata."

Wani ya tambaya yadda za a bambance geron Kusada da na Kankia, tunda gonakin kan iyaka ɗaya suke, wasu ma kunya ɗaya ce ta raba su. Alhaji ya yi murmushin wanda ya ga duniya, ya ce gogaggen mutum da hanci yake ganewa. Ranar kasuwa ya kafa kujera a bakin shagonsa, mata na layi da ƙwarya da bokiti, yana ɗibar tsaba yana shinshinawa. Ya kori geron limamin unguwarsu a matsayin ɗan Kusada. Ya amince da na wata tsohuwa da ta taho tun daga Kusada a ƙafa, ya ce wannan ƙamshin Kankia ne tsantsa, ba ya ɓoyuwa.

Abin da Jakada ya manta shi ne uwargidansa, Hajiya Kubura, 'yar Kusada ce gaba da baya, kuma duk hatsin da ke rumbun gidan daga gonar mahaifinta ya fito. Da azahar ta yi, Hajiya ta aiko masa da akushi a rufe da faifai, da kwanon miyar kuka mai zafi tana ƙamshin daddawa. Alhaji ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗaga faifai. Dawa ce tsaba, an wanke ta tas, an tsince tsakuwa, an jera ta da kyau.

Ya leƙa cikin gida ya ce, "Hajiya, wannan fa?"

Ta ce, "Tuwo ne, Alhaji. Takunkumi ya hana shi ƙarasowa."

Ya jure ranar, ya sha miya zalla. Ya jure washegari. A rana ta uku, bayan wani dogon zama tsakanin hulunan biyu, aka sanar da buɗe hanyar kai agajin jin ƙai, wadda ta fara daga rumbun Hajiya Kubura ta ƙare a akushin Alhaji. Sauran jama'a kuwa tuni suka gano cewa takunkumin ba ya aiki sai inda Alhaji ke zaune, sai kowa ya riƙa zagayawa ta bayan shago.

Ganin matsin lamba ya yi aiki, a faɗarsa, sai ya kira Babban Taron Ƙoli. Ba za a yi a Kankia ba, kada a ce an yi wa Kusada fin ƙarfi. Ba za a yi a Kusada ba, kada a ce Kankia ta miƙa wuya. Aka samu wata tsamiya a gonar da ke tsakanin garuruwan biyu, Alhaji ya auna inuwarta da ƙafa ya raba biyu. Aka ɗauko hayar kujerun roba daga wurin Gajere, mai ba da hayar kayan biki, da wata babbar kujera mai soso da jan yadi wadda aka saba ɗora amarya da ango a kai. An ɓata safiya guda ana shawarar inda za ta fuskanta, don in ta dubi Kankia ta ba Kusada baya. Aka daidaita ta dubi gabas, inda babu kowa sai gona.

Masu niƙa suka hallara daga kowane ƙauye, babura jere a gindin tsamiya. Alhaji ya iso da zanna bukar a ka, jar dara a hannu. Ya hau kujera ya nutse cikin soso, ya lumshe ido, don ya haddace jawabinsa kuma ba ya son fuskokin talakawa su raba masa hankali.

"Ya ku wakilan ɓangarori," ya fara, "kafin mu taɓo batun miƙa mulki, wajibi ne mu koma tushen rikicin. A shekarar da na tafi Maraɗi..."

Da idonsa a buɗe yake, da shi ne zai fara gani, tunda gabas yake kallo. Hadari ne ya haɗo baƙi ƙirin, na farko a shekarar. Iska ta taso mai sanyi da ƙamshin ƙasa. Duk wanda ke wurin yana da inji a ƙarƙashin kwanon da ke yoyo, da garin mutane a buɗe, da iri da ke jiran shuka. Aka fara kallon juna. Jakada kuwa a jawabinsa ko Jibiya bai kai ba.

Wani dattijo daga Fakuwa, Malam Babba, ya miƙe yana naɗe rigarsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada ya katse jawabi: "Jama'a, kun yarda da Mamuda?"

Aka ce, "Mun yarda."

"To, Allah shi taya shi riƙo. A shafa."

Aka shafa fatiha a tsaye, wasu ƙafa ɗaya na kan babur. Mamuda ya ce gobe bayan sallar asuba kowa ya zo da jarkarsa a yi maganar mai. Babura suka tashi gaba ɗaya, rabi suka yi Kankia, rabi Kusada. Alhaji ya ji rugugin ya ɗauka tafi ne haɗe da tsawa, ya ɗaga hannu alamar a bari sai ya kai ƙarshe.

Ɗigon farko a kan hancinsa ya sauka. Ya buɗe ido. Ba wakilai, ba ɓangarori. Kujerun roba an tattare su an ɗora a bayan wata tsohuwar a-kori-kura. Mutum ɗaya ne ya rage a gabansa, tsaye da ladabi, hannu a ƙirji.

Alhaji ya dube shi da ƙauna ya ce, "Kai kaɗai ka san darajar tarihi. Daga wane ɓangare kake?"

Gajere ya ce, "Ranka shi daɗe, kujerar nike jira."

"Kujera? Yaro, ka san abin da kake nema kuwa? Akwai matakai. Akwai sharuɗɗa."

"Soso ne, Alhaji. In ya sha ruwa wari shikai, kuma gobe akwai ɗaurin aure."

Jakada ya buɗe baki zai gabatar da matsayinsa, Gajere ya zagaya ta baya, ya ce a gafarce shi, ya ɗaga ƙafafun baya ya karkata ta a hankali, yadda ake juye gari daga kwano. Alhaji ya sauka. Ba a zubar da jini ba, ba a fasa ko kofi ba.

Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ɗan acaban da ya kawo shi ya daɗe da tafiya. Daga tsamiyar zuwa Kankia tafiya ce mai nisa ga mai babbar riga jiƙaƙƙiya. Alhaji ya matsa jikin motar ya nemi a buɗe tattaunawa kan yiwuwar rage masa hanya.

Gajere ya leƙo ta taga ya ce gaba ya cika, kujerar amarya ce a wurin. Sai dai baya. Kuma in zai hau, ya rungume kujerun roba da hannu biyu kada su zube a hanya, ya bar jawabi sai an isa, sannan in mota ta kafe a laka ya sauko ya tura.

A duk tsawon rayuwarsa ta diflomasiyya, wannan ce yarjejeniya ta farko da Jakada ya taɓa ƙullawa da wani mutum ba kansa ba. Ya amince da dukkan sharuɗɗan a zama ɗaya. Motar kuma ta kafe.