Ranar da Kaka Ya Tsotsi Tiyo

"Sannu da aiki, Baƙin Mai. An tashi lafiya, ko har yanzu ba a wanke fuska ba?" in ji tsohon.

"Lafiya lau, angona. Wa ya turo wani, kai ko babur ɗin?"

Ni mai faci ne, rumfata jingine take da garejinta, don haka duk abin da aka faɗa a can kunnena ke fara karɓa. Mai garejin jikar tsohon ce, gyaran babura take yi. Shi kuwa ya shigo yana tura babur ɗinsa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Na san abin da ke cinsa. Ɗansa, wato babanta, ya riga ya yanke magana: idan babur ya sake mutuwa a hanya zai karɓe makulli, don a ganinsa hannun tsohon ne ya daina riƙe totur. In aka karɓe kuwa, shi da lambunsa na bayan gari sai labari.

"Motsa jiki nake yi," in ji shi. "Likita ya ce in riƙa tafiya."

"Ya kuma ce ka riƙa jan ƙarfe? Faɗi gaskiya, me yake yi?"

"Yana tashi lafiya. In na yi nisa na murɗa masa, sai ya yi tari ya mace. In ya huta sai ya tashi."

"Ashe halin mai shi ya ɗauko."

"Ke, ni da na taɓa hawa dutse da babur ɗin nan, buhu uku a baya, tayar gaba a sace."

"Wancan karon buhu biyu ka ce."

"Na tuna ɗayan ne daga baya."

Ta buɗe murfin tanki, ta leƙa, ta hura 'yar kafar iskar da ke jikinsa. "Mai akwai, murfi bai toshe ba. Ka ba ni mamaki, na ɗauka ruwan lambu kake ɗura masa."

"Wadda ba ta iya dafa ruwan zafi ba ce za ta yi min maganar ruwa? Ban san me na gani na aure ki ba."

"Wa zai kwashe ka in ba ni ba? Haƙori ko na rantsuwa babu."

Ta durƙusa ta nuna masa famfon mai a ƙarƙashin tanki. "Ka ga tiyo biyu. Mai kaurin shi ke kai mai kafireta. Siririn nan kuwa iska kawai yake ja daga inji. Akwai 'yar roba a cikin famfon, sai inji ya zuƙe ta take buɗe wa mai hanya. In zuƙar ta yi rauni, mai ya tsaya."

Ta zare mai kaurin ta saka bakinsa a kwalba, ta zare siririn daga jikin inji, ta goge shi da tsumma, ta miƙa masa. "Tsotsa."

"In yi me?"

"Kai ne inji yau. Bakin da ba haƙori ya fi kama tiyo, ko'ina a rufe."

"A gaban mai faci za ki ci min mutunci?"

Na sunkuyar da kai ina ta goge tayar da na riga na goge. Abin da tsohon bai sani ba, akwai sirinji a akwatinta da take wannan gwajin da shi kullum. Ta bar shi a rufe da gangan, so take ya ji laifin da bakinsa, kuma wannan ya burge ni.

Ya tsotsa har kumatunsa suka lotsa. Mai ya ɗan ɗiga a kwalba, ya tsaya.

"Me ka ji?"

"Iska nake sha kawai, ba ya kamawa."

"Ɗanɗanon fetur fa?"

"Babu. Ko da akwai ma ya fi shayinki daɗi."

"To robar ciki ba ta yage ba ke nan, da ka sha mai." Ta karɓi tiyon ta lanƙwasa shi daidai inda yake gogar inji. Tsaga ta buɗe baki. "Ga ɓarawon. Zafi ya busar da shi. In ka murɗa totur zuƙar na raguwa, ɗan abin da ya rage kuma ya tsere ta nan."

Ta yanko sabon tiyo, ta cusa a famfon, ta sake miƙa masa. Wannan karon yana ja mai ya ɓalle cikin kwalba shar, tiyon ya kama masa harshe. Yana saki, mai ya tsaya cak.

Tsohon ya daɗe yana juya tsohon tiyon a tafinsa. Da ya yi magana, muryar ba ta wasa ba ce.

"Ashe ba ni ba ne. Na fara yarda da maganar ubanki, wallahi. Har kallon hannun nan nake yi."

"Hannunka lafiyarsa lau, Kaka. Bakinka ne dai ba shi da gyara."

Ta mayar da komai, ta ɗaure tiyon nesa da zafin inji, ta ja da baya. "Tayar da kanka. Ni ba na yi wa miji kiki."

Bugu ɗaya babur ya ɗauka. Ya fita titi, ya murɗa masa har ƙarshen layi, ya dawo yana dariya dasashi a waje.

"Kin ci wasan yau, na sallama. Rufe shagon nan ki hau baya, in kai ki gaban ubanki ya ga mai tuƙin."

"In ka kayar da ni, sai ka biya ni ƙafa."

"Wa zai biya wannan ƙafar mai kama da sifana?"

Ta ja ƙofar garejin, ta ce in duba mata. Ta haye bayansa, hannuwanta a cinya, ko ƙarfen bayan babur ɗin ba ta riƙe ba.