Wasɗar Kawu Zaharadden

Bangon gidajen unguwar Sa'alaba da ke Jidda ba ya riƙe sirri. In ka yi atishawa a ɗakinka, maƙwabci ne zai ce maka yarhamukallahu. Saboda haka ranar da Saudatu ta ɗaga wa yayanta murya, duk benen ya ajiye cokali ya kasa kunne.

"Yaya, don girman Allah ka bar yarinyar nan ta hau tasi ta tafi! Sakamakonta ya kai, sun kira ta muƙabala, me ya rage?"

"Me ya rage? Ni na rage! Ke kina jin jami'a kasuwa ce da za a shiga a taya? Sai da wasɗa, Saudatu. Sai da babba a gaba."

Mai wannan murya shi ne Kawu Zaharadden, Garkuwar Sa'alaba, Mabuɗin Ofisoshin Jidda, bango madafar marasa gata. Samarin unguwa Kawu Wasɗa suke ce masa, a gabansa ma, don shi kirari ya ɗauke shi. Wasɗa dai ita ce sanin wani wanda ya san wani, Kawu kuwa ya san kowa. Su ne dai har yanzu ba su samu zarafin saninsa ba.

Dardumar salla da carbi yake sayarwa a kasuwar Bab Makka, a wata rumfa da in ya miƙe ƙafa sai ta shiga ta maƙwabci. Ofis yake kiranta. Daga wannan ofis yake tafiyar da birnin. In an sabunta wa wani iƙama, wato takardar izinin zama, Kawu zai lumshe ido ya ce, "Na yi magana." In an hana, ya girgiza kai ya ce, "Bai zo wurina da wuri ba." Ko ruwan saman bara da aka daɗe ana roƙo, da ya sauka, Kawu ya riƙa zagaya unguwa da wani murmushi irin na mai cewa ba sai an gode ba.

Yarinyar da ake rigimar a kanta ita ce Ilham, 'yar Saudatu, haifaffiyar Jidda, wadda mahaifinta ya rasu ya bar mata takardar zama 'yar ƙasa da taurin kai. Ta yi shekara biyu a kwalejin al'umma tana karatun kwamfuta, ta fito a sahun gaba. Yanzu tana neman abin da ake kira tajsir, wato gadar da ɗalibi ke hawa daga kwaleji zuwa jami'a, a lissafa masa karatun da ya riga ya yi. Guraben kaɗan ne. Wadda ba ta bayyana a muƙabala ba, wato ganawar tantancewa, sai baɗi, in ma an sake tunawa da ita.

Da wayarta ta nema, da wayarta aka amsa mata. Abin da ya hana Kawu barci ke nan. Ba faɗuwar Ilham yake tsoro ba. Da ta faɗi, da jawabinsa a shirye yake. Nasararta yake tsoro, nasarar da babu hannunsa a ciki. In yarinya za ta danna waya jami'a ta buɗe, gobe wa zai kawo wa ofis gaisuwa?

Saudatu ta saki, domin babban wa uba ne, kuma maƙogwaronta ya gaji.

Ranar muƙabala Kawu ya tashi da shirin gamuwa da amininsa Dakta Meshari, wanda a cewarsa jami'ar a tafin hannunsa take. Amincin nasu tsoho ne, mai tushe: sun taɓa haɗa sahu a wata sallar jana'iza, kafaɗa da kafaɗa, da aka sallame Daktan ya ce masa Allah ya karɓa. Irin wannan zumunci ba a zuwa masa da jallabiya tsura. Don haka aka fara karkata zuwa Ruwais, wurin Abdulwahid tela, don aron mishlahi, baƙar alkyabbar nan mai bakin zinare da manya ke yafawa. Aka gwada, aka duba madubi, aka sha shayi, don ƙin shayin mutum rashin tarbiyya ne. Ilham na cikin mota tana kallon rana tana hawa.

"Ya khali, yalla, wallahi lokaci ya tafi!" in ji ta, don da Larabci take kiran kawun nata.

"Lokaci na ƙananan mutane ne," in ji Kawu, yana gyara zama a tsohuwar motarsa da na'urar sanyinta ba ta aiki sai an sauke gilashi. "Ke kin san mece ce jami'a? Kwaleji rafi ce, jami'a teku. Wanda zai shiga teku sai da matuƙi. Ina shiga, Meshari zai miƙe. Zan ce masa zauna, ba sai ka tashi ba."

Ya nufi babbar ƙofa, mai dogayen ginshiƙai da tutoci.

"Ya khali, wannan ƙofar maza ce! Ɓangarenmu yana can baya!"

"Manya ta babbar ƙofa suke shiga."

Mai gadi ya saurari sunan Dakta Meshari da ladabi, ya buga waya ciki, ya dawo da labarin cewa Daktan ya daɗe da yin ritaya, har ya koma garinsu. Da wani ne, da ya ji kunya. Kawu kuwa gyaɗa kai ya yi.

"To, ya ji shawarata ke nan. Na sha gaya masa ya huta."

Ya waiwaya don ya ga yadda wannan magana ta ratsa Ilham, sai ya ga kujera wayam. Can ya hango ta a gindin katangar jami'a, ta tattare abaya a hannu, tana gudu cikin rana kamar wadda kare ya biyo. Sai ya yi tsaki, yana mamakin yaran zamani da ba su san darajar rakiya ba.

A hankali ya zagaya zuwa ƙofar mata. Ya fito, ya baza mishlahi, ya rungumi dardumar da ya zaɓo a matsayin tsaraba, ya doshi ƙofa da takun ƙasaita. Wani mai gadi, Nayef, siriri kamar tsinken sakace, ya ɗaga hannu ɗaya.

"Ina zuwa, ya hajji? Maza ba sa shiga."

"Ni ba maza ba ne, ni waliyyi ne. Shugabar wurin nake son gani."

"Ko shugaban jami'a ne nan yake tsayawa. Ga rumfa can."

Rumfar direbobi ce. 'Yan Sudan, 'yan Indiya, 'yan Indunusiya, kowa da wayarsa, suna jiran 'yan matan gidajen da suke yi wa aiki. Aka matsa wa Kawu gefen benci. Bai ɓata lokaci ba ya buɗe zaman majalisa, ya yi musu lacca kan makomar ilimi mai zurfi, da yadda yake shirin gyara shi in ya samu sukuni. Wani Basudane ya tambaye shi ko mai gidansa ne ya ba shi kwancen mishlahin. Kawu ya yi kamar hayaniyar motoci ta hana shi ji. Zufa ta jiƙa bakin zinaren Abdulwahid. Dardumar tsaraba kuma wani ya ara ya yi walaha a kai.

A ciki kuwa, Ilham ta iso tana haki daidai lokacin da malama mai kiran suna ke shirin tsallake sunanta. Aka ba ta ruwa, aka yi mata tambayoyi, ta amsa, aka ce mabruk. Babu wadda ta tambaye ta wa ta sani.

Al'adar ƙofar mata ita ce, wanda ya zo ɗaukar ɗaliba ya faɗa wa mai gadi sunanta, shi kuma ya kira ta da lasifika. Kawu ya ga dama ta samu: yau sunansa zai ratsa jami'a. Ya tsaya gaban Nayef ya jera masa abin da zai faɗa: Alhaji Zaharadden, babban ɗan kasuwar Bab Makka, aminin Dakta Meshari, yana jiran 'yarsa. Nayef ya gyaɗa kai, ya busa lasifika, ya ce:

"Ilham! Direbanki na jira! Ilham, direbanki, mai mishlahi!"

Sau biyu ya maimaita, don aikinsa yana da kyau.

Kafin su iso gida, labarin nasarar Ilham ya riga su ta waya. Saudatu na guɗa, bene ya cika. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓar barka da hannu biyu, yana cewa ba komai, ai ƙaramin aiki ne, ko shiga ma bai yi ba, don irinsu in suka shiga sai a ruɗe. Ilham ta buɗe baki, uwarta ta taka mata ƙafa.

Sai ga Maimuna maƙwabciya ta kutso, wadda 'yarta Sajida ke gama kwalejin baɗi.

"Kawu, don Allah mu ma a saka mu a inuwa. In ta je, wa za ta nema?"

Kawu ya gyara mishlahin aro, ya duba hagu da dama, ya rage murya yadda duk benen zai ji.

"Ta nemi Nayef, mutumina ne. Amma kada ta ambaci sunana, ba su so ana yawo da shi. Ta ce direban Ilham ne ya turo ta. Da haka suka san ni a can."