Turancin da Aka Kore Ni da Shi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Ma'aikata na Kamfanin Sabulun Farar Kumfa, gwanin zaɓen kalma, wanda bakinsa bai taɓa ɓata wa kowa rai ba.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan na'urar sanyaya ofishinka tana aiki lafiya. Ni ne mutumin nan da ke kan injin yankan sabulu tun kafin a kewaye kamfani da katanga, wanda ka saba kira "abokina" saboda sunana yakan kwanta maka. 'Yan koke-koke gare ni, ranka ya daɗe, kuma duk a kan Turanci ne.

Na ɗaya. Ranar Juma'ar da ka tara mu a ɗakin taro, ka raba mana lemo mai sanyi, ka ce an yi "releasing" ɗinmu domin mu fuskanci sababbin "opportunities". Ɗan Turancina ya ishe ni karanta gargaɗin da ke jikin inji, kuma a iya sanina kalma ta biyun nan alheri ce. Ga shi kana ta murmushi. Har tafi na yi. Ni ne na layin gaba, in ka tuna. Me ya hana ka riƙe mini hannu?

Na biyu. Na koma gida na ce wa uwar 'ya'yana an ƙara mini girma. Ta yanka zakaran da take tattali, ta aika wa maƙwabta nasu. Surukina, wanda bai taɓa yarda ya zauna a gidana ba, ya zo da kansa ya ce dama ya san zan zama wani abu. Ranar Litinin na goge takalmi na tafi aiki. Maigadi ya tare ni a ƙofa, idonsa a ƙasa, ya ce, "Yaya, korarku fa aka yi." Ina roƙon kada a hukunta shi, ba a tura shi kwas ɗin lallashi ba.

Na uku. Da na dawo, matata ta duba kalmar taka ta farko a wayarta, ta ga har da ma'anar saki. Ta ce, "Au, sakinka suka yi? To saki nawa, akwai kome?" Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Sannan ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, kuma abin da na jiyo daga ciki ba dariya ba ne.

Na huɗu. Yanzu da nake da lokaci, na zauna ina bitar baiwarka. Da aka rufe ɗakin cin abincinmu, cewa ka yi an ba mu 'yancin zaɓen abin da za mu ci. Da inji ya cire wa abokin aikina yatsa, ka samo wata kalma mai laushi, har shi kansa ya sake ƙirga yatsunsa. Wai a ina kake samo su? Kamus ɗinka, babu shafin da aka rubuta kora a ciki ne, ko kuwa yagewa ya yi?

Na biyar, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Na je neman aiki a wata masana'anta. Manajan ya tambayi yadda na bar wurinku, ni kuwa don kare mutuncinka na maimaita kalmarka, na ce masa "released". Ya janye kujerarsa baya, ya jawo wayarsa kusa, ya ce daga wane gidan yari? Aikin da ban samu ba ke nan.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ba na roƙon a mayar da ni. Takarda nake roƙo mai layi ɗaya, a rubuta cewa an kore ni ba tare da laifi ba, da kalmar da kowa ya sani, komai muninta.

Kada ka ce ban ƙaru da kai ba. Jiya na tara yara na yi musu murmushi, na ce ba rashin abinci muke yi ba, "adjustment" ne. Autarmu ta ɗauko kwanonta ta ce a zuba mata shi.

Allah ya ƙara maka fasaha, ya kuma haɗa ka da likita mai irin harshenka.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Tsohon mai yankan sabulu