Wandon Soja a Bisa Gawo

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na dawo daga aikin soja ba, shekarar da Nasara suka sauke tutarsu.

Gidanmu gidan zuma ne, a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Baba ke saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya ɗora bisa gawo. In ƙudan zuma sun cika ta, a sauko da ita da igiya, a yanke saƙa, Inna ta matse a ƙwarya ta tace cikin tulu. Da wannan muke ci.

Na tarar ƙafar Baba ta daina hawa. Ya ce wanda ya sauko da babbar amya lafiya, shi zai gaji igiya da wuƙa: ko ni, ko Mati ɗan ƙanensa. Na ce ni zan fara. (Tun ina yaro tsoron ƙudan zuma nake ji. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Harsashi ɗaya-ɗaya yake zuwa, su kuwa dubu.)

Bayan magariba gari ya taru a ga soja. Suka hura wuta nesa da itacen, suka zauna. Har da surukata, matar da ban taɓa haɗa ido da ita ba.

Baba ya dube ni cikin kakina.

"Tuɓe," in ji shi. "Da bante ake hawa."

"Baba, gaban mutane?"

"In sun sauka a fata, yawonsu suke yi. In tufa ta matse su, harbi suke."

Mati ya yi dariya. "Bar shi, Baba. Wandon Faransi ne, ƙila sun san shi."

Na hau da wandona.

A sama duhu ne. Amya na ruri kamar jirgi. Na busa hayaƙin kashin shanu a bakinta. Na ɗaura igiya, na fara sassautawa. Sai na ji tafiya a idon sawuna. Cikin duhu ƙudan zuma ba tashi suke ba, rarrafe suke, kuma sama suke nufa. Suka wuce gwiwa. Na daina numfashi. Na karanta duk abin da na sani, bai fi aya uku ba.

Na farko ya harba a cinya. Sauran suka ji labari.

In na saki igiya, amya ta fashe, gado ya tafi gidan Mati. Na cije leɓe har jini, ina sakin igiya kamu-kamu, suna cin inda ba a faɗa. Da na ji Baba ya ce, "Ta iso," ban san da me na sauko ba.

Haske kawai na gani, na nufe shi da gudu. Na tsinke maɗauri, na yar da wando, ina tsalle ina marin kaina. Babu bante a ciki. Da na ɗaga kai, ga surukata, taku biyu tsakaninmu. Ta ja zane ta rufe fuska.

"Innalillahi," kawai ta ce.

Kwana uku ina tafiya kamar mai sabuwar kaciya. Ran na huɗu Baba ya ajiye igiya da wuƙa gabana.

"Ba ka saki ba," in ji shi. "Amma ba ka da kunne."

Da marece matata ta shigo da ƙullin tsumma, tana danne dariya.

"Innata ta ce a ba ka."

Sabon bante ne, ɗinkin hannu.

Shekara arba'in na yi ina hawa da bante. Abin da na koya ke nan: in tsoho ya ce ka tuɓe, ka tuɓe tun a ƙasa, da ganin damarka.