Famfo na Uku a Gonar Kawu

Da rani ne na haɗa wa Kawu Sani wata ƙaramar kwamfuta da za ta riƙa kunna famfuna huɗu na gonar albasarsa a Kamarawa, tana kashe su. Da hannuna na rubuta umarnin a can cikin zuciyar manhajar, inda kuskure ɗaya ke tsayar da komai. A cikin manhajar, famfunan na jera su kamar sarƙa, kowanne na nuna na gaba, na sa wata alama a kan jerin, ga manuni mai bin su ɗaya bayan ɗaya.

Hadiza, abokiyar karatuna, ta duba aikin ta waya. Ta ce, "In manunin ya zagaye bai sami wanda yake nema ba, kan jerin zai tsaya, kuma kan jerin ba famfo ba ne. Ka gyara."

Na ce, "Za ni duba." Ban duba ba, don a ganina famfo ba ya ɓata.

Ran Laraba Kawu ya cire na ukun ya kai gyara garin Isa. Kwamfutar ta neme shi ta rasa, ta kama kan jerin ta umarce shi ya kashe ruwa, ta sandare. Sauran ukun suka yini suna zuba. Kwamin dashe shida, wato gadajen ƙananan albasar, ruwa ya tafi da su.

Na yi bayani dalla-dalla. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To."

Har yau in akuya ta ɓata a gidan, sai ya dube ni ya ce, "Kar ku aiki Injiniya. In bai gan ta ba, turken zai ciro ya kawo muna."